Ranar da Tsinken Ya Yi Kore

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce na fiye jan rai. Ku yi mini uzuri. A baki ma ba ni da sauri, balle a rubutu, ni da sai da na zama budurwa sannan na fara riƙe fensir a ajin manya na mata. Amma na yau kam ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Fiddausi. A ƙauye na tashi wajen kakata, can gefen Jahun, sai bayan rasuwarta Baba ya dawo da ni gabansa a Yalwawa, cikin Dutse. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye. Gwaggo Larai, yayar Baba, ita ce a matsayin uwa a gidanmu. Uwaisu kuwa shi ne wanda aka sa mana rana da shi, ɗan Taura, mai gyaran janareta da firiji a bakin kasuwa. An kawo lefe, akwatuna suna jere a ɗakin Gwaggo an lulluɓe su da zanen gado, biki sai bayan Babbar Sallah.

Lokacin shari'a tana kan ganiyarta, waya kuma ba ta daɗe da shigowa garin ba. Ku riƙe wannan, don a wancan lokacin idan aka ce wane yana shan giya, ba zagi ba ne kawai. Magana ce ta bulala a bainar jama'a.

Ranar wata Lahadi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa a faranti, Baba yana kan tabarma da rediyonsa, sai ga Gwaggo ta dawo daga gidan suna. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Gwadabe, kashe abin nan, magana ce da ni."

Baba ya rage murya. "Lafiya, Yaya?"

"Ina fa lafiya. An ga babur ɗin yaron nan a ƙofar gidan nan na bayan gari, wanda ake sayar da abin a ɓoye. Ba sau ɗaya ba. Duk Asabar."

"Wa ya gani?"

"Wanda ya gani ya gani. Kai ba ka lura da idonsa ba? Kullum ja wur. Ni dama tun farko na ce hayaƙin janareta kaɗai ba ya mayar da ido haka."

Ban ɗago ba. Tsakuwar da na tsinta na mayar cikin shinkafa, shinkafar na watsa wa kaji, ban ma sani ba. Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya.

"Idan ta tabbata," ya ce, "a mayar musu da akwatunansu. Ba zan ɗaura wa 'yata aure da mashayi ba."

"To a kira shi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani."

"A'a. Wannan ne ba zan yi ba. Idan kunya ta sa ya rantse a kan ƙarya, ni na tura ɗan mutane ga halaka, a cikin gidana kuma. A nemi wata hanya."

Wata hanyar a bakin Adda Zulai ta fito. Ita 'yar Gwaggo ce, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin kuɗi a Kano, ta zo hutun ƙarshen mako don ta kawo mini ɗinkuna. Tana daga bakin ƙofar ɗaki tana yanke farce ta ce, "Kawu, ai yanzu akwai tsinke."

"Tsinken me?"

"Na gwaji. Kamfanonin manyan motoci suna aiko mana direbobinsu mu gwada su da shi. Ɗan siriri ne, da 'yar auduga a kansa. A jiƙa audugar da yawun mutum, a ɗan jira. Idan ya sha za ta koma kore, idan bai sha ba tana nan fara tas. Sai dai fa na ranar kaɗai yake nunawa, ba ya tono na makon jiya."

"Ka ji!" in ji Gwaggo. "Ranar Asabar sai a kira shi daga inda yake, kafin ya je ya wanke baki."

Baba ya juyo gare ni. Tunda aka fara maganar sai lokacin ya kalle ni. "Fiddausi, kin ji komai. Ba na son ko harafi ɗaya ya fita ta cikin wayar nan da ya saya miki. Kin yi mini alkawari?"

Na ce, "Na yi, Baba."

'Yan uwa, ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Wayar 'yar ƙarama ce, mai koren haske, a cikin safa nake ajiye ta ƙarƙashin filo. Duk ta yi ƙara sai na zaro ta, na san saƙon Uwaisu ne.

"Gimbiyar Yalwawa, kin ci abinci?"

Na rubuta, "Na ci."

"Tun ɗazu nake jiran amsa, na ci ɗin ce kawai ta fito? Ni na ɗauka wa'azi za ki turo."

Bai san na rubuta "Ina kake zuwa ranar Asabar?" na goge ba. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ni fa a raina ban yarda yana sha ba. Mutumin da idan ya zo zance aka kira sallah yake katse magana a tsakiya ya tafi masallaci? Amma kun san zuciya. Sai ta ce mini, to idon fa? To babur ɗin fa? Na zauna ina tuno duk hirar da muka taɓa yi, don ni ba na mantuwa da abin da aka faɗa a gabana, ina neman inda harshensa ya taɓa karyewa. Ban samu ba. Duk da haka ban samu sukuni ba.

Ranar Laraba ya turo, "Kin yi shiru da yawa. Ko na yi laifi ne?"

Na ce, "Ba ka yi ba." Na kifa wayar na yi kukana, na share ido na fita na ɗora tuwo.

Asabar da hantsi Adda Zulai ta sauka daga motar Kano da ɗan kwali a jakarta. Ta buɗe mana a ɗakin Gwaggo. Tsinkayen kowanne a cikin ledarsa mai ƙyalli, irin ta maganin ciwon kai. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta shinshina.

"Wannan ɗan abin ne zai tona asirin ƙato?"

"Shi ne, Inna. Amma da sharaɗi. Kada a ba shi komai idan ya zo. Ko ruwa, ko goro. Sai bakinsa ya ɗan jima babu abin da ya shiga."

Bayan la'asar Baba ya sa na kira masa lambar, ya karɓa da kansa. "Uwaisu, duk inda kake ka taho yanzu. A'a, kada ka biya gida. Yadda kake ɗin nan."

Na shiga ɗaki na sa atamfata ruwan goro mai zanen fulawa, wadda Uwaisu ya taɓa cewa tana yi mini kyau. Na ɗaura ɗankwali ya zame, na sake ɗaurawa ya karkace, na haƙura na zura farin hijabi a kai. Kwalli kaɗai na iya sawa, shi ma sai da na soki idona.

Ba a jima ba na ji ƙarar babur. Na leƙa ta tagar ɗaki. Yana cikin rigar aikinsa shuɗiya duk baƙin mai, ga jakar kayan gyara a rataye. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A bayansa akwai wani dattijo mai babbar riga da hula zanna, yana saukowa yana riƙe ƙugu. Kawu Lado ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya jagoranci kawo kuɗin aure. Ashe ya shigo gari sayen taki, Uwaisu ya ɗauko shi zai kai shi tasha.

Na ce a raina, shi ke nan, abin da za a yi a rufe ya samu ɗan kallo daga Taura.

Adda Zulai ta ɗauki kwalinta ta bi Baba falo. Ni kuma na nufi bayan labulen ƙofar da ke tsakanin falon da tsakar gida, don a nan nake jin komai. Ban kai ba Gwaggo ta riƙo hijabina.

"Zo nan. Ba ki sha na yamma ba."

Tsiminta take nufi. Tunda aka kawo lefe ta sa ni a gaba da gyaran amarya, safe da yamma kofi guda. Ita ke haɗa shi da hannunta: rake, dabino, mazarƙwaila, kanumfari, citta, da wasu sassaƙe da ba ta faɗa wa kowa sunansu. Ta dafa, ta juye a jarka, ta toshe baki, ta tura ƙarƙashin gado ya yi makonni. A cewarta, wanda bai daɗe ba ruwan zaƙi ne kawai. Idan ta buɗe murfin har wani "fuss" yake yi.

"Gwaggo, yau ba zan iya ba, cikina a cushe yake."

"Ke tafi can. Ko da wannan ko da wani, aure dai za ki yi. Shanye."

Na kafa kai na shanye. Ya bi maƙogwarona da ɗan yajinsa da ɗuminsa kamar kullum. Na goge baki da gefen hijabi na je na laɓe.

An gama gaisawa. Sai Kawu Lado ya yi gyaran murya.

"Malam Gwadabe, rijiyar gidan nan ta ƙafe ne? Tun daga kasuwa maƙogwarona yake a bushe."

"Ka yi haƙuri, Alhaji, ruwa yana zuwa. Akwai dalili." Baba ya juya. "Uwaisu, zan tambaye ka, kuma ba don na wulaƙanta ka ba. Daga ina kake?"

"Daga bayan gari, Baba. Na biya kasuwa na ɗauko Kawu."

"An ce duk Asabar ana ganin babur ɗinka a ƙofar gidan da ake sayar da giya."

Ta ɗan tsagin labule nake kallonsa. Na ga yadda ya ɗago kai a hankali.

"Gaskiya ne ana ganinsa. Akwai mai ƙanƙara a jikin gidan, katangarsu ɗaya. Ni nake duba masa injinansa duk mako. Inuwa ɗaya ce a layin, ta bishiyar ƙofar gidan can, a nan kowa yake ajiye abin hawa."

"Ka taɓa sha?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Baba ya yi wa Adda Zulai alama. Ta matso ta durƙusa, ta yi bayanin tsinken kamar yadda ta yi mana. Ba ta rufe baki ba Kawu Lado ya miƙe tsaye, babbar rigarsa ta kwashe hular Baba da ke kan hannun kujera.

"La'ilaha illallahu! Ɗan namu za a sa wa tsinke a baki kamar akuyar da za a saya? Shi ya sa aka hana mu ruwa? Uwaisu, tashi mu tafi!"

"Kawu, zauna don Allah."

"Ba zan zauna ba! Wa ya san abin da aka shafa a jikinsa? Wa ya ce ba kowa ya lasa yake yin koren ba? Abin da aka ƙulla a Kano a zo a ɗaure mana yaro da shi a Dutse!"

Adda Zulai ta ce, "Baba Alhaji, ai da sauƙi. A fara gwada wanda kowa ya san ba ya sha. Idan ya tsaya fari, kun ga ba a shafa komai ba."

Sai ga muryar Gwaggo a bayana, ashe tana tsaye tana ji. Ta bankaɗe labulen, ta tura ni ciki da hannu ɗaya.

"Ga Fiddausi nan! Yarinyar da ko lemon kwalba sai an roƙe ta. A fara da ita, kowa ya gani da idonsa."

Na tsinci kaina a tsakiyar falo, a gaban Baba, a gaban Kawu, a gaban Uwaisu. Na durƙusa na gaishe su, muryata ko ni ban ji ta ba. Uwaisu ya kalle ni sau ɗaya. Ba fushi a kallon, tambaya ce kawai: kin sani? Na sunkuyar da kai.

Adda ta yage leda, ta ce na buɗe baki. Ta ɗora audugar a kan harshena har ta jiƙe, ta zare, ta ajiye a kan farin faranti a tsakiyar tabarma. Kowa ya zuba ido. Ni har na fara jin sanyi a raina, ina cewa yanzu za a ga fari, Kawu ya huce, a gwada Uwaisu a wuce wajen.

Gefen audugar ne ya fara sauyawa. Na ɗauka inuwar labule ce. Sai abin ya bazu, ya yi kamar ruwan ganye, ya ƙara, ya ƙara, har ya tsaya kore shar.

Wallahi na ji ƙarar agogon bango. Na ji kaza tana ƙwaƙular ƙasa a tsakar gida.

"Zulai," in ji Baba a hankali, "me wannan yake nufi?"

Adda ta sunkuya ta duba tsinken. Ta ɗauki ledar tana duba kwanan watan da ke jiki.

Kawu Lado ya tafa hannu. "Kun gani? Ban faɗa ba? Kowa ya lasa kore ne! Da yanzu an ce ɗanmu mashayi ne!"

"A ba ni nawa," in ji Uwaisu.

"Kai, ba ka da hankali? Ka ga abin da..."

"Kawu, a ba ni. Idan na fita ban yi ba, har na mutu ana cewa gudu na yi."

Da kansa ya yage ledar, hannunsa duk baƙin mai, ya sa a baki, ya ajiye a gefen nawa. Muka jira. Adda tana kallon agogon hannunta. Lokacin da ta ce ya cika, ya wuce, ta ƙara wani a kai. Audugarsa tana nan fara tas kamar yanzu aka ɓare ta.

Tsinke biyu a faranti ɗaya. Na wanda ake zargi fari, na amarya kore.

Kun san ni da sauraro. A shirun nan na ji lissafin da kowa yake yi a ransa. Idan tsinken gaskiya yake faɗa, Uwaisu ya fita, ni kuma na sha giya. Idan ƙarya yake yi, na fita, shi kuma farinsa bai wanke shi ba, zargi yana nan, akwatuna za su koma Taura. Ɗaya daga cikinmu ne kaɗai zai tashi da mutuncinsa.

Shi ma ya gama wannan lissafin, ya riga ni magana.

"Baba, tsinken nan ba shi da kyau." Ya kai hannu zai kife farantin. "Kawu ya yi gaskiya. Zafin mota ya lalata su. A zubar kawai, a manta an yi. Ni na yarda a ci gaba da bincikena ta wata hanya, ko wata nawa za a ɗauka."

'Yan uwa, kun ji fa. Mutumin da aka hana ruwa, aka tsare da tambaya a gaban kawunsa, ga shaidarsa fara a gabansa, shi ne yake cewa a zubar da ita don kada a kalle ni. Ni da ko a gaban Baba kaɗai ban taɓa haɗa jimla uku ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Kada ka kife."

Duk suka juyo.

"Tsinken lafiyarsa ƙalau. Nasa gaskiya ne, bai sha komai ba. Nawa ma gaskiya ne." Na kalli Baba. "Na sha wani abu kafin na shigo."

"Inna lillahi," in ji Kawu Lado, ya koma ya zauna daɓas.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratar da ni. "Me kika sha, Fiddausi?"

Nan fa kunya ta kama ni ta wani gefen. Ta yaya budurwa za ta ambaci kayan gyaran amarya a gaban mahaifinta da wanda zai aure ta? Na ja hijabi na rufe rabin fuska.

"Abin da Gwaggo take ba ni. Na jarka."

Adda Zulai ta dafe kai da hannu biyu. "Inna! Tsimin kika ba ta? Yanzu?"

"To me? Na yamma ne. Me ya haɗa tsimina da wannan shirgin?"

Adda ta fita da gudu. Muka ji ana jan abu a ƙarƙashin gado. Ta dawo rungume da jarkar, ta ajiye a tsakiyar falo, ta murɗa murfin. Ya yi "fuss". Ƙamshin ya cika ɗakin, Kawu Lado ya ja hanci sau biyu ya kalli silin. Ta tsiyaya kaɗan a murfi, ta yage sabon tsinke ta tsoma. Wannan ko jira ba a yi ba. Kore ya wuce kore, ya koma kamar shuɗin rini.

"Inna, rake da dabino da mazarƙwaila, a toshe su makonni a ɗaki mai zafi. Me kike zaton za su zama?"

"Magani!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Magani za su zama! Ni za ki kalla ki ce ina dafa giya? Ni Larai, da na je Makka na dawo? Tun kafin a haife ki nake haɗa wa amare wannan, babu wadda ta taɓa yin tangaɗi!"

"Babu wadda ta ce miki yana sa ta barci?"

"Barci ai alamar yana aiki ne!"

"Ke kina sha?"

"Kofi ɗaya da safe saboda bayana. Shi ne me?"

Adda ta zaro wani tsinken ta miƙa mata. Gwaggo ta ja da baya kamar an nuna mata maciji, ta ɓoye hannuwa a cikin mayafi. "Kada ki kuskura ki matso da abin nan kusa da ni. Marar kunya."

Wani sauti ya fito daga Uwaisu. Ya mayar da shi tari, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na cusa gefen hijabi a baki. Baba ya shafa gemu ya daɗe yana shafawa, kuma na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Yaya," ya ce, "abin da aka yi cikin rashin sani, Allah mai gafara ne. Amma yanzu an sani. Zulai, ki kai jarkar nan bayan gida ki tuttular. Idan akwai wata, ita ma."

"Akwai uku," in ji Gwaggo da ƙaramar murya. Sai kuma ta fashe da kuka. "Dabinon Madina ne fa a ciki."

Baba ya juya ga Uwaisu. "Ɗana, na zarge ka a kan maganar da ban gani da idona ba. Ka yafe mini. Rana tana nan inda aka sa ta. Fiddausi, kawo wa baƙi ruwa."

Na tashi kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ɗebo ruwan randa a kofin silba, na haɗo da goro a faranti. Uwaisu ya karɓa, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Wannan dai daga randa yake ko?" Saura kaɗan na saki farantin.

Amma Kawu Lado bai taɓa ruwan ba. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Malam Gwadabe, na ji bayani. Sai dai ni ɗan aike ne. Abin da idona ya gani shi zan faɗa wa uwar yaro: an gwada ɗanmu ya fita, an gwada 'yarku ta yi kore. Sauran bayanin jarka, ita ta san yadda za ta auna shi."

"Kawu," in ji Uwaisu, "idan za ka faɗa, ka faɗa duka. Ka ce na ce a zubar da shaidata, ita ta hana. Ka faɗi wannan ma."

Kawu ya juya ya nufi ƙofa. Bai kuma yarda ya hau babur ɗin ba, ya ce zai nemi ɗan acaɓa.

Rana ta kusa faɗuwa ina bayan gida ina taya Adda tuttular da jarkoki, ƙamshi ya cika unguwa har maƙwabciyarmu tana leƙowa ta katanga tana tambayar me muke dafawa, sai wayata ta yi ƙara. Na goge hannu na zaro ta.

"Gimbiya, Kawu ya kira Innata tun daga tasha. Ta ce gobe da hantsi tana tafe Dutse da kanta. Ta ce a ajiye mata tsinke ɗaya, ita za ta sa miki a baki da hannunta. Kada ki ji tsoro, tare za mu zo."

Na karanta wa Adda. Ta leƙa kwalinta. "Saura ɗaya tak. Kada ki damu, zuwa gobe bakinki ya wanke."

"Ba bakin ba ne, Adda. Matar da za ta fara ganina a matsayin suruka da tsinke a hannu, wane irin zama za mu yi?"

Gwaggo tana zaune a kan turmi tun ɗazu, ta yi tagumi tana kallon tsiminta yana bin kwata. Sai ta ɗago.

"Wa kika ce tana zuwa?"

"Mahaifiyar Uwaisu."

"Hajiya Rakiya? Ta Taura, mai ciwon gwiwa?"

"Ita."

Gwaggo ta share hawaye da bakin zane. Ta miƙe, ta warware ɗankwalinta ta sake ɗaura shi tamau, ta turo shi gaban goshi.

"Tun bikin 'yarta ta fari, duk wata sai ta aiko direban motar Taura da galan na cika mata da tsimin nan. Wanda na aika mata na ƙarshe ma bai kai sati ba." Ta nuna kwalin da ke hannun Adda. "Zulai, adana wannan guda ɗayan da kyau. Bari ta zo. Za a sa shi a baki gobe, amma ba a na 'yata ba."